KOYON WALDAR ALMINIYAM: JAWABI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayanin wata sana'a wadda ƙasa ta ke bukata ƙwarai, amma masu iya ta kaɗan ne, watau waldar alminiyam. Za a faɗi halin wannan ƙarfe, da abin da ya sa ya ke gagarar mai waldar baƙin ƙarfe, da yadda yaro zai koye shi daki-daki, da haɗarin da ke cikinsa, kāna a rufe da abin da a ke roƙon Hakimi ya yi a ƙasarsa.

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

A ɗauki misalin manomin rani a Kadawa, ko Bakolori, ko fadamun Haɗeja. Ya shuka tumatir, ya sa taki, ya ci bashi, dogaronsa bayan Allah yana ga ɗan injin ban ruwa. Gangar jikin wannan inji kuwa, inda ruwa ke shiga ya fita, galibi da alminiyam aka zuba ta. Ran nan inji ya faɗo daga bayan babur, gangar ta tsage. Ya kai wa mai waldar garinsu, mutumin da ya shekara goma yana yin ƙofofi da gadaje ba wanda ya taɓa kuka da aikinsa. Mai walda ya ɗora wuta, yana jira ƙarfe ya yi ja kamar yadda ya saba. Bai ga ja ba, sai kawai ya ga wurin ya burma, tsaga ta zama rami. Yanzu sai a tafi birni neman wata gangar, a yi kwana uku ko huɗu, rana kuwa ba ta jira, tumatir ya yi yaushi.

Wannan mai walda ba rago ba ne, ba kuwa mugu ba. Abin da ya same shi, ya ɗauki alminiyam kamar baƙin ƙarfe ne mai farin launi, ga shi kuwa Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Irin wannan hasara tana aukuwa a kan murfin injin babur, da kan injin mota, da lagireto, da manyan tukwanen biki, da tsani, da butoci. Duk garin da babu gwanin alminiyam, kayan da za su gyaru da kuɗi kaɗan su kan koma hannun 'yan gwangwan a kan awo.

ASALIN WANNAN ƘARFE

Maƙera sun san tama tun kaka da kakanni, amma alminiyam baƙo ne a duniya duka. Abin mamaki, a cikin ɓawon ƙasa babu ƙarfen da ya kai shi yawa, gama ya kai kamar kashi 8 cikin 100, sai dai ba a samunsa tsantsa, kullum a haɗe ya ke da waɗansu abubuwa, raba su kuwa da wuya. Wani masani a ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, shi ya fara fid da ɗan kaɗan a 1825, sa'an nan Friedrich Wöhler na Jamus ya ƙara gyara hanyar a 1827. Shekaru da yawa bayan haka yana nan da tsada kamar azurfa. A 1884, da aka gama hasumiyar tunawa da George Washington a Amurka, da ɗan dunƙulen alminiyam aka yi mata kan tsororuwa, nauyinsa bai cika kilo 3 ba, mutane kuwa suka riƙa zuwa kallonsa kafin a ɗora shi.

A 1886 ne al'amarin ya juya. Samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, waɗanda aka haifa shekara ɗaya, 1863, kowa a ƙasarsa ya gano yadda za a fid da shi da wutar lantarki. Daga nan ya yi araha har ya shiga madafar talaka.

Ƙasar da a ke tace shi daga cikinta ja ce, a kan kira ta bokzait, kuma babu ƙasar da ta kai Gini ta Konakiri arzikinta. A kan tace kamar tan 4 ko 5 na wannan ƙasa a sami tan 2 na farin gari, daga tan 2 ɗin nan a sami tan 1 na alminiyam. Aikin yana cin wutar lantarki ƙwarai, don haka a ke kafa masana'antarsa kusa da madatsar ruwa: ta Edeya a Kamaru ta fara aiki a 1957, ta Tema a Gana a 1967 da wutar Akosombo. A Nijeriya an fara narkarwa a Ikot Abasi a 1997, amma aikin ya yi ta tsayawa. Sake narka tsohon alminiyam kuwa ba ya cin fiye da kamar kashi 5 cikin 100 na wutar da sabo ke ci. Shi ya sa ba ya rasa mai saye ko ya karye, shi ya sa kuma maƙeran fari da masu zubin tukwane suka karɓe shi da sauri. Amma zubi daban, walda daban. Mai zubi ya kan narka ƙarfen duka ya zuba a kwami. Mai walda kuwa ɗan layi kaɗai a ke so ya narka, sauran jikin ya tsaya yadda ya ke.

HALAYE BIYAR DA YA KAMATA A SANI

Na farko, fata. Da zarar iska ta taɓa alminiyam sai ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani. Ita ce ke hana shi ruɓewa kamar yadda tsatsa ke cin baƙin ƙarfe, amma ita ce babbar abokiyar gābar mai walda. Shi alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, fatar kuwa ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000. Watau sai ciki ya zama ruwa fata na nan riƙe da shi, kamar nono a cikin salka. In an ɗiga narkakken ciko a kanta, sai ya dunƙule ya zauna bisa, bai haɗu da kome ba.

Na biyu, ba ya ja. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 1,500, kafin nan kuwa ya kan yi ja, ya yi ruwan goro, ya yi fari, mai aiki yana karanta zafi da ido. Alminiyam ba ya ba da wannan gargaɗi. Alamarsa guda ce, wurin ya yi ƙyalli kamar madubi, wanda bai san ta ba kuwa sai ya ga aiki ya zube. Don haka kuma ya ke ƙona hannun mai garaje, gama mai zafi da mai sanyi kamanninsu ɗaya.

Na uku, yana janye zafi. Zafi yana gudu a cikinsa kamar sau huɗu fiye da yadda ya ke gudu a baƙin ƙarfe. Da farko sai a ga wuta ba ta kama ba, domin jikin duka yana shanye ta. Can kuwa in jiki ya ƙoshi da zafi, wutar da ta yi kaɗan ɗazu sai ta yi yawa. Tilas mai aiki ya fara da wuta mai ƙarfi, ya yi sauri, ya riƙa ragewa yana matsowa ƙarshe.

Na huɗu, yana miƙewa da zafi kamar ninki biyu na baƙin ƙarfe, in ya huce kuma ya tsuke ƙwarai. Wannan ke sa faranti ya karkace, ke kuma sa ɗan ramin da a ke bari a ƙarshen layi ya tsage kamar tauraro, tsagar ta bi layi ta koma baya.

Na biyar, narkakkensa yana shan iskar haidirojin, wadda ke fitowa daga danshi, da mai, da maiƙo, da fenti. In ya zo daskarewa sai ya amayar da ita, abin da bai sami fita ba ya bar ƙananan ramuka a ciki kamar cin gara. Waje sumul, ciki fanko. Wannan ne ya sa tsabta ta zama rabin sana'ar.

HANYOYIN WALDA

Hanyoyi huɗu ne suka fi yawa.

Ta farko, waldar gas, watau harshen wuta na oksijin da asitilin, irin wanda masu gyaran jikin mota suka saba da shi. Ita ce mafi tsufa, kayanta kuma sun fi sauƙin samu inda babu lantarki. Sai an shafa wata hoda ta musamman wadda ke cinye fatar nan. Amma hodar gishiri ce mai ci, in ba a wanke ta da ruwan zafi da buroshi bayan an gama ba, ita da kanta za ta ci aikin a hankali.

Ta biyu, sandar walda ta alminiyam, wadda a ke sa wa inji mai wuta mai tafiya hanya ɗaya. Tana amfani ga gyaran gaggawa a abu mai kauri, amma tana ƙonewa da sauri, aikinta ba shi da kyan gani, ga ta da shan danshi, tilas a ajiye ta a rufe.

Ta uku, waldar tsinke, wadda a ke kira TIG a taƙaice, ita ce uwar sana'ar. A 1941 wani injiniya mai suna Russell Meredith, a kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka, ya kammala ta domin waldar maganiziyam, daga baya aka juya ta ga alminiyam. Mai aiki ya kan riƙe wani abu kamar alƙalami a hannu ɗaya. A bakinsa akwai tsinken ƙarfen tangistan, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 3,400, daga shi wuta ke tsallakawa zuwa aiki. A ɗaya hannun yana riƙe da sandar ciko yana ɗigawa. Iskar agon tana fitowa kewaye da tsinken tana kore iskar sarari, don kada sabuwar fata ta fito. Injin kuwa sai mai wuta mai kai da komowa: in ta tafi wannan gefe ta farfasa fata, in ta komo ta narka ƙarfe, haka sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Injin da babu wannan a jikinsa bai dace da wannan aiki ba, kome kyansa. Magatakarda ya riƙe wannan, domin ranar da za a rubuta takardar sayen kaya.

Ta huɗu, waldar waya, wadda a ke kira MIG, an fito da ita a Amurka a 1948. Inji ke turo wayar ciko daga naɗi ba tsayawa, don haka ta fi sauri, ta dace da manyan ayyuka irin na tankoki da jikin motocin kaya. Wayar alminiyam tana da laushi, ta kan cukurkuɗe a hanya, shi ya sa a kan ɗora ɗan ƙaramin naɗi a kan abin riƙon kansa. Ita ma agon ta ke so. Gas ɗin da a ke waldar baƙin ƙarfe da shi ba ya yi mata.

YADDA A KE KOYO DAKI-DAKI

Mataki na farko, sanin ƙarfe. Ba kowane farin ƙarfe mara nauyi ne alminiyam ba. Alminiyam nauyinsa kamar sulusin na baƙin ƙarfe ne, maganaɗisu kuma ba ya kama shi. Akwai maganiziyam, wanda ya fi shi rashin nauyi, a kan same shi a murfin waɗansu injuna. In an kankare wuri an ɗiga ruwan khal, maganiziyam ya kan yi kumfa, alminiyam ba ya yi. Rikita su haɗari ne, gama garin maganiziyam yana kamawa da wuta fara fat, zuba mata ruwa kuwa ƙara ta ya ke yi. Akwai kuma zubin tutiya, irin na waɗansu kafireto da mariƙin ƙofa, ya fi nauyi a hannu, yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba.

Shi kansa alminiyam iri-iri ne, gwargwadon abin da aka gauraya masa, an kuwa ba kowane iri lamba. Mai lamba 6061, wanda a ke yin bututu da sanduna da shi, yana karɓar walda, amma in ba a sa masa ciko ba ya kan tsage, kuma gefen layin yana rasa sulusin ƙarfinsa ko fiye saboda zafi. Masu lamba 2024 da 7075, na jikin jirgin sama, ba a amince a yi musu irin wannan walda ba, shi ya sa a ke ganin jirgi da jerin ƙananan ƙusoshi. Sandunan ciko kuwa biyu ne suka fi yawa: 4043 mai silikon kashi 5 cikin 100, wadda ke gudu da kyau ta dace da kayan zubi, da 5356 mai maganiziyam kashi 5 cikin 100, wadda ta fi ƙarfi. Yanko guntun wayar lantarki ko bakin tsohuwar tukunya a yi ciko da shi caca ce.

Mataki na biyu, tsabta. A fara goge mai da maiƙo da asiton da tsumma mai tsabta, sa'an nan a kankare fatar da buroshin waya na ƙarfen da ba ya tsatsa. In an juya, watau aka fara da buroshi, sai a tura maiƙo cikin ƙarfe. Wannan buroshi a keɓe shi, kada ya taɓa baƙin ƙarfe har abada, haka magagari, haka dutsen wāshi. A goge sandar ciko ita ma. In an share, a yi waldar ba da daɗewa ba, domin fata ba ta jinkirin komowa. Yaron da ya raina shara da goge-goge, ya ce shi wuta ya zo riƙewa, bai zo koyo ba tukuna.

Mataki na uku, kududdufi. A ba yaro faranti mai kaurin milimita 3, a sa inji wajen amfiya 120, gama ƙa'idar da a ke bi ita ce kamar amfiya 40 ga kowace milimita. Kada a ba shi ciko tukuna. Ya riƙe tsinke kamar milimita 2 ko 3 daga faranti, ya ɗan kishingiɗar da shi kaɗan, ya jira har ɗan kududdufi mai ƙyalli ya bayyana, ya tura shi gaba a layi madaidaici, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Zai yi wannan kwana da kwanaki. Magatakarda ya san shekarun da ya yi yana jan baƙi a allo kafin hannunsa ya faɗa, to, wannan ma haka ne.

Mataki na huɗu, ciko. Yanzu hannu biyu za su yi aiki, kowane da nasa: wannan na tura wuta, wancan na ɗiga sanda a bakin kududdufi na gaba, ɗigo, matsa, ɗigo, matsa. Kududdufin ne zai narka sandar, ba harshen wuta ba. Kada a janye bakin sandar daga inuwar agon. In tsinke ya taɓa kududdufi ko sanda, ya ƙazantu, sai a tsaya a gyara shi, wannan kuwa zai auku sau da yawa kafin hannu ya natsu. In an zo ƙarshe a rage wuta a hankali, a ƙara ɗigo ɗaya ko biyu a cike ramin, a bar agon ya ci gaba da zuba har wurin ya daskare.

Mataki na biyar, haɗi: baki da baki, sa'an nan ɗaya bisa ɗaya, sa'an nan kusurwa, sa'an nan na tsaye, sa'an nan bututu. Kowane haɗi a ɗaure shi da ɗigo-ɗigo tukuna don kada ya karkace. Kuma kowane a gwada shi. A yanko tsiri, a matse, a lanƙwasa da guduma. In ya lanƙwashe bai buɗe ba, madalla. In ya karye, a duba cikin karayar: ramuka alamar dauɗa ce ko danshi, gefe sumul wanda bai kama ba alamar ƙarancin wuta ce ko saurar fata. Kyan layi a ido ba shaida ba ne.

Mataki na shida, gyaran tsohon zubi, irin gangar injin manomin nan, shi ne mafi wuya, don haka shi ne na ƙarshe. Zubi ya sha mai shekara da shekaru, da ya ji wuta sai ya riƙa tofar da baƙi. A wanke, a nemo inda tsaga ta ƙare a huda ɗan rami a kowane ƙarshe don kada ta ci gaba, a fafe tsagar ta yi kwari, a ɗumama jikin duka kaɗan, a yi walda, a bar shi ya huce a hankali, kada a tsoma shi a ruwa. In an gama a shafa alli a waje, a zuba kananzir a ciki, in akwai yoyo zai fito a jikin allin.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Iskar hunturu tana kwashe agon daga bakin tsinke, ƙurarta kuma tana sauka a kan aikin da aka share, damina kuwa ga danshi. Saboda haka wannan ba aikin bakin titi ba ne, sai an sami rumfa mai kariya.

HAƊARIN DA KE CIKI

Hasken wutar walda yana ƙona ido da fata, alminiyam kuwa da ya ke mai ƙyalli ne yana maido da hasken ta ko'ina. Wanda ya kalla ba kariya, da dare zai ji kamar an zuba masa yashi a ido. Tabarau na rana ba ya tsare kome. Sai garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 zuwa 13, da safar hannu ta fata, da riga mai dogon hannu ta auduga, da takalmi rufaffe. A sa kariya kuma saboda yara masu tsayawa kallo.

Hayaƙin yana cutar huhu, sai wuri ya zama mai shan iska ta sama ko da an kare gefe. Kada a wanke aiki da maganin wanke birki ko wani ruwa mai sinadarin kulorin, domin in hasken walda ya same shi ya kan zama iska mai guba wadda kaɗan daga cikinta ke kisa. Agon ba shi da wari, ya fi iska nauyi, yana taruwa a rami ko cikin tanki, mutum ya shiga ya faɗi ba tare da ya ji kome ba.

Mafi muni duka, tankin mai. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an juye shi ƙaf, tururin da ya saura a ciki ya isa ya tarwatsa shi da mai waldar da na kusa da su. Ba a kusantarsa da wuta sai gwani ya wanke shi ya kore tururin bisa ƙa'ida, ɗan koyo kuwa ba ruwansa da shi ko kusa.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ƙara, watau dalma. Binciken da aka buga a 2014 a kan tukwanen zubi na Kamaru ya nuna dalma tana fita daga jikinsu ta shiga abinci, domin tarkacen da a ke narkawa ya haɗa da kayan injuna da makamantansu. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. Saboda haka kada a liƙe tukunya ko butar shayi da dalma, kada kuma a yi mata ciko da ƙarfen da ba a san asalinsa ba.

Daga cikin ilmin gwani har da sanin abin da zai ƙi. Wilin mota da ya tsage, da abin da ke riƙe birki ko sitiyari, da tukunyar gas, in walda ta saki a kansu rai ne zai tafi. Wanda ya ce wa mai kaya, “Wannan ba ya gyaruwa, a sayi sabo,” ya fi wanda ya karɓi kuɗi ya liƙe.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

1. A sa Dagatai da Masu Unguwa su ƙidaya masu walda na kowane gari, Magatakarda ya rubuta sunayensu, da irin injin kowa, da wanda ya iya alminiyam in akwai. Da wannan Hakimi zai san inda giɓi ya ke.

2. A yi shawara da Sarkin Maƙera da shugabannin masu walda wajen zaɓen waɗanda za a tura koyo. A fi son mai haƙuri, mai lafiyar ido, wanda hannunsa ba ya rawa, wanda ya iya karanta lamba, wanda kuma ya riga ya san waldar baƙin ƙarfe. Kada a duba ɗan wane ne.

3. A nemi wurin koyo na ƙwarai. Akwai makarantun koyon sana'a na jihohi. Akwai Kwalejin Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956 ta sami sunanta na yanzu a 1968. Akwai Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa tana Jos. Akwai kuma gwanaye a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna. Duk inda za a kai yaro, a tabbata akwai injin da ya dace, da agon, da garkuwar fuska, kuma za a bar shi ya riƙe wuta, ba aike kaɗai ba.

4. A rubuta yarjejeniya tsakanin uban yaro da maigidansa a gaban shaidu: tsawon zama, da ci da kwana, da abin da za a koya masa, da ranar yaye. Magatakarda ya ajiye kwafi. In an yaye shi a ƙarfafa masa ya ɗauki jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ke hawa daga daraja ta uku zuwa ta ɗaya, don ya sami takardar shaida.

5. A yi tanadin dawowarsa tun bai tafi ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Injin waldar tsinke da tulun agon da janareta sun fi ƙarfin yaro shi kaɗai, agon kuma daga birni a ke cikowa. Ƙungiyar manoman rani, ko ta masu babura, ko wani mai hali, za su iya haɗa jari bisa sharaɗi rubutacce, tun da su ne za su fara cin amfanin.

6. A sa ido a kan tarkacen da ke shigowa kasuwa. Wayoyin lantarki na kan turaku galibi na alminiyam ne, ɓarayi kuwa su kan yanke su su sayar, gari ya kwana cikin duhu. A gargaɗi masu saye kada su karɓi irin wannan waya daga hannun wanda ba shi da shaidar inda ya samo ta.

Wannan sana'a ba a koyonta a mako ɗaya ko biyu, sai an yi watanni ana ɓata faranti kafin a amince wa yaro da kayan mutane, iyaye su yi haƙuri da wannan. Amma ranar da ya dawo da hannu natsattse, manomin da gangar injinsa ta tsage da hantsi zai iya komawa fadama kafin la'asar, kuɗin gyaran kuma ya tsaya a cikin gari.

Allah ya ja zamanin Sarakuna, ya ƙara wa Hakimai girma da basira, ya sa albarka a hannun masu koyo da masu koyarwa, ya tsare su daga sharrin wuta da ƙarfe. Amin.